Yatsun Lemuel a Jikin Zanin Gado

Ni da Cordell Mabry layi ɗaya muka tashi a garin Belzoni, aji ɗaya muka zauna, kuma tare muka gama sakandare muka tsaya nan. Ni na kama tuƙin motar da ke watsa wa tarwaɗa abinci a tafkunan bayan gari. Shi ya shiga aiki a gidan jana'iza na Mista Beasley, inda yake wanke baƙaƙen motoci, ya jera furanni, ya kuma haɗa ɗan fim ɗin hotunan mamaci da ake nunawa a coci ranar binnewa. Wannan na ƙarshen ne ya fi so.

Dangi sukan kawo kwali cike da hotuna da tsofaffin kaset-kaset na bidiyo, su ce ya zaɓi masu kyau. Cordell sai ya kalli komai daga farko har ƙarshe. Idan biki ne, idon kowa na kan amarya, nasa yana can gefen hoto, inda wani tsoho ke zaune a kan bokitin da aka kifa, da jita a cinya. Da ya ga irin wannan sai ya koma gidan mutanen, ya cire hularsa, ya yi musu gaisuwa, sannan ya roƙi a bar shi ya kwafi wannan ɗan wurin. Ba a taɓa hana shi ba. Wasu ma sukan yi mamaki, su ce ai Kawu wane ne, bai iya komai ba sai damun mutane ranar Asabar.

Abin ya kama shi tun muna 'yan shekara goma sha ɗaya. A shagon aski ne, talabijin ɗin da ke rataye a sama tana nuna wani tsohon fim marar launi, wani mutum a baranda yana kaɗa kiɗan da ake kira blues yana jan wuyan kwalba a kan tsirkiyar jita. Mai aski ya juya kan Cordell hagu, kan ya komo. Ya sake juyawa, ya sake komowa. Ran nan da rabin aski ya tafi gida. Washegari mahaifiyarsa ta tarar an kwance wayar da ta ɗaure tsintsiyarta, an kafa ta da ƙusa biyu a bangon gidan ta baya, Cordell na buga ta da sanda. Ta zane shi, sannan ta tsaya ta ɗan saurara.

Daga nan ya girma da jita, amma ba kamar sauran makaɗa ba. Su da kunne suke koyo, shi da ido. Ya sha gaya mini cewa faifai yana ɓoye rabin magana, sai ka ga hannun mutum za ka san abin da yake nufi. A garejin gidansu ya rataye wani farin zanin gado na mahaifiyarsa, ya sayi tsohon majigi a gwanjon wata makaranta. Ran Lahadi da rana yakan toshe taga da kwali, ya kunna, ya zauna da jitarsa yana bin yatsun matattu. Ni nakan zauna a kan injin yankan ciyawa ina cin gyaɗa. Ban iya kiɗa ba, amma na iya zama.

A watan Afrilun bara wani dattijo ya rasu, dangi suka kawo kwalinsu. A ƙasan kwalin, cikin gwangwanin biskit, akwai ɗan ƙaramin faifan fim irin na dā, wanda ake naɗewa kamar zare. An rubuta a jikinsa da fensir: suyar kifi, 1967. Wani ɗan gidan da ya tafi Chicago ne ya dawo hutu da kyamara don a san ya samu, ya ɗauki duk abin da ya gani. Irin wannan fim ba ya ɗaukar sauti.

Minti biyu da rabi ne kacal. Tsakar gida, babbar bishiya, tukunyar ƙarfe a kan wuta, mata suna juya kifi a cikin garin masara, kaji suna ratsawa. Sai kyamara ta tsaya a kan wani dogon mutum siriri da hular malafa, yana kaɗa jita, mutane suna rawa a gabansa. Mai ɗaukar bai iya ba, hannunsa na rawa, amma Allah ya sa ya tsaya a kan yatsun nan fiye da minti guda.

Cordell ya kalla sau bakwai a jere. A na takwas ya ce da ni bai taɓa ganin wanda ya ɗora yatsu haka ba.

Ni na gane gidan. Bishiyar tana nan har yau, a bayan gidan Mama Vergie, wadda nake kai wa tarwaɗa biyu duk Juma'a tun da ƙafarta ta fara ciwo. Idan na kai, nakan zauna a baranda ta ba ni shayi mai ƙanƙara, ta yi ta magana ina ji. Don haka na riga na san sunan mutumin. Lemuel Cathey ne, yayanta. Ya kaɗa a kowane taron suyar kifi daga nan har garin Tchula, bai taɓa shiga ɗakin ɗaukar faifai ba, ya rasu yana da shekara talatin da huɗu. Tana cewa yana da wani kiɗa guda da ake kira nasa, idan ya fara shi har masu suya sukan bar kifi ya ƙone. Yawancin waɗanda suka yi rawa da shi sun tafi. Ita kaɗai ta rage da ta san kiɗan daga farko har ƙarshe.

Matsalar biyu ce. Ta farko, 'yarta ta gama shiri za ta ɗauke ta zuwa Chicago a ƙarshen Agusta, bayan suyar kifin cikarta shekara tamanin da biyar. Ta biyu, Mama Vergie uwar coci ce. Farare take sawa, benci na gaba take zama. Shekarar da Lemuel ya rasu ta tsaya a gaban jama'a ta yi wa Ubangiji alkawari bakinta ba zai ƙara rera blues ba, kuma shekara hamsin da 'yan kai ba ta karya ba.

Cordell ya yi mako uku yana bin yatsun, sannan ya sa riga mai wuya, muka tafi. Ya gaishe ta, ya faɗi abin da yake so: ya kaɗa mata kiɗan yayanta ranar bikinta, kafin ta bar garin. Ta dube shi ta saman tabarau, ta tambaye shi ɗan wa ne. Da ya faɗa, ta ce ta san kakarsa, mace ce mai tsoron Allah, ba ta san inda aka samo shi ba. Amma ta ce ya kaɗa.

Ya kaɗa. Yatsunsa na gudu kamar ana kora su, gumi na ɗiga a kan jitar. Da ya gama, ta ce, "Ɗan nan, wa ya mutu a gidanku da kake sauri haka?"

"Haka yake yi a fim ɗin, Mama."

"To wannan ba Lemuel ba ne. Wannan zanzaro ne ya shiga wandon mutum."

Ya roƙe ta ta ɗan yi masa gunaguninsa, ko layi ɗaya, baki a rufe. Ta ce baki a rufe ko a buɗe duk kunne ɗaya ne ke ji a sama. Ya ce ko ta buga masa da yatsa a hannun kujera. Ta ce yatsan ma an yi masa baftisma. Abin da za ta iya yi masa kawai, idan ya kaɗa daidai za ta ce shi ne, idan bai yi ba za ta ce ba shi ba ne, don faɗin gaskiya ba zunubi ba ne.

Haka muka shiga Mayu da Yuni. Duk Juma'a ni da kifi, shi da jita. Ya kawo sabon ƙoƙari, ta saurara tana ɓare wake, ta ce ba shi ba ne. Wani lokaci tun bai kai rabi ba. Ta sa masa suna Mai Gaggawa, har maƙwabta suka ɗauka. Shi kuwa bai taɓa fushi ba. A mota yakan yi ta dariya, ya ce tsohuwar nan ta fi duk malaman da ya taɓa yi, kalma huɗu kawai ta iya amma ba ta taɓa kuskure.

Ni na ce masa mu kai mata fim ɗin. Ban yi tunanin kiɗa ba, na dai ga ya kamata ta ga yayanta. Wata Asabar da hantsi muka loda majigi da zanin gadon, muka rataye shi a falonta, muka ja labule. Majigin ya fara ƙara, tsakar gidanta ta bayyana a bango, ita tana zaune taku goma daga bishiyar.

Na ɗauka za ta yi kuka. Sai ta fashe da dariya har ta riƙe ciki. Ta nuna wata ƙatuwar mace a bakin tukunya, ta ce wannan Goggo Pearlie ce, wadda idan ta tashi daga kujera da safe sai azahar ta kai ƙofar kicin, ga ta nan tana juya kifi kamar mai kashe gobara. Ta nuna wata matashiyar mace mai farin siket, ta ce ita ce, ta kuma ce ƙafafun nan ba su da laifi. Sannan Lemuel ya fito. Ta daina dariya, ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

"Yayana ne," in ji ta. "Amma wa ya ɗura masa kofi? Mutumin da ya yi shekara biyu yana gyaran ƙofar kejin kaji. Lemuel ko kare ya biyo shi sai ya tsaya ya gyara hula."

Cordell ya kashe majigin. Ya durƙusa ya leƙa gefensa, inda akwai wani ɗan maɓalli da bai taɓa taɓawa ba tun da ya saya. Lamba biyu ne a jikinsa, sha takwas da ashirin da huɗu. Makarantar da ta sayar masa finafinai masu sauti take nunawa, su ake gudu da su a ashirin da huɗu. Kyamarar ɗan Chicago hoto sha takwas take ɗauka a daƙiƙa. Wata uku ke nan yana fasa yatsunsa yana bin saurin da Lemuel bai taɓa yi ba.

Ya tura maɓallin, ya sake kunnawa. Goggo Pearlie ta koma Goggo Pearlie. Kaji suka daina tsalle. Masu rawa suka sauko ƙasa, ƙugu na lilo a hankali, ƙafa na jan turɓaya. Minti biyu da rabi ya zama uku da ɗoriya. Cordell ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa na girgiza, ban san dariya ce ko me ba sai da ya ɗago na ga dariya ce. Mama Vergie ta sa muka maimaita mata sau huɗu, ta kuma ba mu abincin rana.

Juma'ar da ta biyo ya kaɗa a hankali. Ta ajiye waken, ta saurara har ƙarshe, wanda ba ta taɓa yi ba. Ta ce tafiyar ta Lemuel ce, amma muryar ba tasa ba ce.

Wannan ya fi wuya. Makaɗan dā kowa da yadda yake ɗaure tsirkiyarsa, wani ya sassauta biyu, wani ya ja ɗaya. Fim zai nuna maka inda yatsa ya sauka, ba zai gaya maka sautin da ke ƙarƙashin yatsan ba. Cordell ya gwada ɗauri shida da ya sani, ya ƙirƙiri wasu. Yuli ya wuce. Ya tsinka tsirkiya ba adadi. A gidan Mama Vergie an fara naɗe kwanuka a cikin jarida ana sawa a kwali, hotunan bango suna sauka ɗaya bayan ɗaya. Ya daina dariya a mota. Wata rana ya ce da ni watakila haka Allah ya so, mutum ya ga abu da idonsa ya kasa ji.

Saura mako biyu, ta ce ba shi ba ne kamar kullum. Yana mayar da jita a jaka sai ta tambaye shi rabonsa da coci, in ban da zuwa kai gawa. Ya sosa ƙeya. Ta ce ran Lahadi ya zo, ya zauna inda za ta gan shi, kuma ya wanke kunnensa.

A mota ya ce tsohuwa ta gaji da shi, ta koma wa'azi. Ni kuwa na tuna wata hira da ta taɓa yi mini a baranda, cewa mahaifiyarsu ta taɓa bin Lemuel da muciya don ya saci abin Allah ya kai wa mashaya. Lokacin ban tambayi me ya sata ba. Ban gaya wa Cordell ba, don ban tabbata ba. Na dai ce zan biyo masa ƙarfe goma.

A cocinmu, kafin fasto ya hau, tsofaffi ne ke buɗe sujada da irin waƙoƙin dā, ba fiyano ba ganga. Mutum ɗaya ya ja layi, jama'a su amsa a hankali, kowace kalma a miƙe ta kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi. Ran nan Mama Vergie ta dafa sandarta ta miƙe. Ta ja wata waƙa da ni ban taɓa ji ba. Matasa suka dubi juna. Tsofaffi uku ko huɗu ne suka gane, suka amsa mata, murya na rawa. Waƙar ta sauka ƙasa sosai, ta tsaya a wani wuri da ba ka zata ba, ta hau a karkace. Ba ta rufe ido kamar yadda ta saba ba. Cordell take kallo.

A baiti na biyu na ga yatsun hannunsa na hagu suna motsi a kan gwiwarsa. A na uku ya damƙi hannuna har na ji zafi. Ya ji sautin da yake nema. Bai jira wa'azi ba. Ya fita a hankali, kansa a sunkuye, da ya kai ƙofa ya kwasa a guje.

Bayan an tashi na tsaya gaishe ta. Ta ce waƙar mahaifiyarta ce, ta daɗe ba ta yi ba, ta zo mata a rai kawai. Ta ƙara da cewa abokina ba shi da tarbiyya, wa'azin yau ya yi kyau.

Juma'ar ƙarshe bai je ba. Ya ce ba zai iya ƙara jin "ba shi ba ne" a baranda ba, gara ya ji a gaban mutane gaba ɗaya.

Ranar bikin zafi ya yi zafi. Ni na kawo kifin, guda sittin, maza suka feɗe a can bayan gidan. An kafa tukunya biyu a ƙarƙashin bishiyar, ga taliya, ga kabeji, ga yankakken burodi jibge a kan tebur. Dangi sun zo daga Chicago da Memphis da riguna iri ɗaya masu hotonta a ƙirji. Fasto Gaines ya sa albarka, ya cika faranti ya zauna kusa da ita. Wajen ƙarfe huɗu 'yarta ta kashe rediyo, ta ce akwai wanda zai yi kiɗa.

Cordell ya kifa bokiti ya zauna. Ya sa wuyan kwalba a ƙaramin yatsa. Bai dubi kowa ba. Ya fara, a hankali, babban yatsa na buga tsirkiyar ƙasa kamar takun mai dawowa daga gona. Waƙar Lahadi ce, amma ta cire fararen kaya. Ashe abin da Lemuel ya sata ke nan. Yara suka daina guje-guje. Wata mata da ke bakin tukunya ta tsaya da matsami a hannu. Mama Vergie tana zaune a miƙe, hannu biyu a kan sanda, fuskarta ba ta nuna komai.

Akwai wani wuri a kiɗan da Cordell bai san dalilinsa ba. A fim ɗin Lemuel yakan ɗage hannu daga jitar gaba ɗaya, ya karkata kai gefe, ya yi jim, sannan ya ci gaba. Cordell ba ya zubar da abin da ya gani, don haka shi ma ya ɗage hannu, ya karkata kai. Tsakar gidan ta yi tsit, sai ƙarar mai a tukunya.

Cikin wannan shirun wata murya ta tashi, siririya, mai kaifi, ta budurwa:

"Ƙarya kake, Lemuel, mun gan ka!"

Mama Vergie ce. Ta kai hannu ta toshe bakinta. Cordell ya kusa sakin jitar, amma yatsunsa suka ci gaba da kansu. Tsofaffin matan coci da ke bayanta suka kwashe da dariya, ɗaya ta ce wallahi haka mata ke ce masa, don a waƙar rantsuwa yake yi cewa a gida ya kwana. Da wurin ya sake zagayowa, su biyar suka faɗa tare. A karo na uku duk gidan ya faɗa, har 'yan Chicago da ba su san wane ne Lemuel ba. Mutane suka ture kujeru. Wani kifi ya ƙone.

Da ya gama, ta juya ta dubi Fasto Gaines, wanda ke ta goge ido da hankici.

"Fasto, kai shaida ne ban yi waƙa ba. Magana na yi."

"Ni kifi nake ci, Mama," in ji shi. "Ban ji komai ba."

Cordell ya taso ya durƙusa a gaban kujerarta, jitar na rataye a wuyansa. Bai tambaya ba, ya dai jira. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ɗora tafin hannunta a kansa.

"Shi ne," ta ce.

Ya sunkuyar da kai a kan gwiwarta. Ta bar shi na ɗan lokaci, sannan ta ɗan ture shi da sanda, ta ce ya tashi kada ya ɓata mata riga, kuma yayanta ba ya murtuke fuska idan yana kiɗa, ba jana'iza ake ba. Ta sa aka kawo masa faranti. Ta ce idan ya ci ya sake daga farko, akwai baiti biyar, kuma tunda faɗar kalmomi ba rerawa ba ce, wani ya kawo takarda da biro. Ni na je mota na ɗauko.